Mai Rubuta Doka da Mai Karanta Ta

Akwai darasi guda da nake shan wahalar shigar da shi cikin kan ɗalibaina duk shekarar da muka zo nazarin rubutu, wato cewa marubuci ba shi ne mai maganar ƙarshe a kan ma'anar abin da ya rubuta ba. Sukan ce, "Malam, idan mun kasa gane nufinsa, kuma yana raye, me zai hana a je a tambaye shi?" Nakan amsa musu da cewa Bahaushe ya riga ya ce magana zarar bunu ce. Da zarar ta fita ta zama ta masu ji. Marubuci yana iya mantawa da abin da ke ransa ranar da ya ɗauki alƙalami, yana iya sauya ra'ayi, idan kuwa akwai wata riba a cikin wata fassara, to yana iya rantsuwa cewa tun farko ita ya nufa, kuma shi kansa ya gaskata rantsuwar tasa.

Ni ba lauya ba ne, harshe ne fagena. Amma duk lokacin da na ji ana taƙaddama tsakanin majalisar dokoki da kotu, wannan darasi nake tunawa, domin majalisa marubuciya ce, kotu kuma mai karatu ce. Ra'ayina shi ne, hikimar raba iko tsakanin waɗannan gidaje biyu tana cikin hana hannu guda ya riƙe alƙalamin rubuta doka, kuma shi ne zai faɗi ma'anarta ranar da rigima ta tashi. Ina so in bi wannan ra'ayi ta kan wata shari'a da aka yi a Gana a shekarar 2024, domin gardama ce da ɗalibin nahawu zai gane ta tun kafin ɗalibin shari'a.

Majalisar dokokin Gana da aka zaɓa a watan Disambar 2020 tana da kujeru 275. Jam'iyyar NPP mai mulki ta samu 137, NDC ta adawa ita ma 137. Kujera ɗaya da ta rage, ta mazaɓar Fomena, ta faɗa hannun ɗan takara mai zaman kansa, Andrew Asiamah Amoako, wanda ya zaɓi ya zauna tare da NPP. Da wannan ƙuri'a guda ce jam'iyya mai mulki take kiran kanta mai rinjaye. Kakakin majalisar kuwa, Alban Bagbin, daga NDC ya fito.

Da zaɓen 7 ga Disambar 2024 ya ƙarato, sai ƴan majalisa huɗu suka miƙa takardun takara a ƙarƙashin inuwar da ba ita ta kawo su majalisa ba. Biyu daga NPP da ɗaya daga NDC suka fito a matsayin masu zaman kansu, shi kuma na Fomena ya tsaya da tutar NPP. Sashe na 97 na kundin tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya tanadi cewa ɗan majalisa zai rasa kujerarsa idan ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta ya shiga wata, ko ya nemi ci gaba da zama a majalisa a matsayin mai zaman kansa, haka ma mai zaman kansa idan ya shiga jam'iyya. Ranar 17 ga Oktoba kakaki ya dogara da wannan sashe ya ayyana cewa kujerun huɗu babu kowa a kansu. Ku yi lissafin da kanku: NPP ta koma 135, NDC ta zama 136. Da jimla guda daga bakin kakaki, marasa rinjaye suka wayi gari su ne masu rinjaye.

Jagoran ƴan NPP a majalisa, Alexander Afenyo-Markin, ya kai kuka Kotun Ƙoli, kuma kashegari, 18 ga wata, kotun ta dakatar da hukuncin kakakin. Daga nan zaman majalisa ya tsaya cik. Kowane ɓangare ya dage cewa kujerun masu rinjaye nasa ne, aka ɗage zama ba tare da sanya ranar dawowa ba, ayyukan gwamnati da ke jiran amincewar majalisa suka yi makonni a kwance. Ranar 12 ga Nuwamba kotun ta yanke hukunci, alƙalai biyar a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, cewa abin da kakakin ya yi ya saɓa wa kundin tsarin mulki.

Ga mai nazarin harshe, gardamar kusan a kan kalma guda take rataye. Da za a mayar da wancan sashe zuwa Hausa, tilas mai fassara ya zaɓi ɗaya cikin uku: "ci gaba da zama a majalisa", ko "a majalisar", ko "a majalisar nan". Ta farko ba ta da madanganci, don haka tana iya nufin majalisa a matsayin gidan da ba ya mutuwa, wanda ake shiga ana fita duk shekara huɗu. Ta ƙarshe mai ɗauke da nunau ta ɗaure maganar ga wannan zama kaɗai, wanda wa'adinsa zai cika a farkon Janairun 2025. Ingilishin da aka rubuta kundin da shi ya bar kalmar tsirara, babu abin da ya ɗaure ta. Kakaki ya ɗauki karatu na farko, ya ce wanda ya nemi dawowa majalisa ta gaba da wata riga ya riga ya tuɓe rigar da yake sanye da ita. Alƙalai biyar suka ɗauki karatu na ƙarshe, suka ce sashen yana magana ne a kan sauya sheƙa a cikin wa'adin da ake ciki, kuma niyyar takara a zaɓe mai zuwa ba ta kai matsayin barin jam'iyya a yau ba. A taƙaice, ɗaya ya ji "ya bari", ɗaya ya ji "zai bari". Tsakanin shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa aka rataye rinjayen majalisar ƙasa guda.

Babu ɗaya daga cikin karatun biyu da zan kira wauta. Kuma zai zama rashin adalci in ce kakakin da magoya bayansa ba su da hujja a kan shisshigin da suka zargi kotu da shi. Jama'a ne suka zaɓi ƴan majalisa, alƙalai kuwa naɗa su aka yi. A Gana shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalan Kotun Ƙoli da amincewar majalisa, kuma kundin ya faɗi mafi ƙarancin adadinsu bai faɗi mafi yawa ba. Umarnin dakatarwa na 18 ga Oktoba an ba da shi ne cikin kwana guda, kafin a saurari ɓangaren kakaki. Su ma alƙalai biyun da suka bambanta da ƴan'uwansu, a kan hurumi suka tsaya, domin wani sashe na kundin, na 99, ya ba Babbar Kotu ikon duba ko kujerar ɗan majalisa ta zama babu kowa. Wanda ya ce yana jin tsoron mutum bakwai da ba a zaɓa ba su riƙa juya mutum 275 da aka zaɓa, ba tsoron banza yake ji ba.

Wannan tsoro ya girmi Gana. A Faransa, kafin juyin juya halin 1789, manyan kotunan ƙasar sun yi suna wajen ƙin rajistar dokokin sarki, har da waɗanda suka nemi gyara haraji. Saboda haka da masu juyin juya hali suka karɓi mulki, suka yi doka a watan Agustan 1790 wadda ta hana alƙalai dakatar da aiki da dokar majalisa, ta kuma umarce su, idan suna ganin doka tana buƙatar fassara, su koma su tambayi majalisa. Wato sun yi daidai da shawarar ɗalibaina: a je a tambayi marubuci. Tsarin bai ɗore ba, an yi watsi da shi a ƙarni na 19, domin mai ƙara yana zaune yana jiran ƴan siyasa su faɗi ma'anar doka bayan sun riga sun san wanda zai ci riba da wanda zai yi asara. Duk da haka ƙyamar barin alƙali ya soke dokar majalisa ta daɗe a Faransa. Sai a ranar 16 ga Yulin 1971 Majalisar Tsarin Mulkin ƙasar ta soke wata doka saboda ta taɓa ƴancin kafa ƙungiya, kuma sai a 2010 mai shari'a a gaban kotu ya samu damar ƙalubalantar dokar da ake amfani da ita a kansa. A Amurka kuwa tun 1803 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin John Marshall, ta ɗauki ikon ƙin aiki da dokar da ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Mu Hausawa mun gaji hanyoyin biyu gwargwadon gefen iyakar da aka haife mu. A Nijar, har zuwa 2023, kotu ta musamman aka ware domin tsarin mulki, bisa gadon Faransa, a Najeriya kuwa manyan kotunan yau da kullum suna iya ayyana doka a matsayin ɓatacciya.

To me ya sa, duk da waɗannan hujjoji, nake ganin a shari'ar Gana kotu ce ta cancanci faɗin ma'ana? Dalilina yana cikin labarin mutum guda, wato ɗan majalisar Fomena. A 2020 ɗan NPP ne. Da ya fito takara a matsayin mai zaman kansa, jam'iyyarsa ce ta kai ƙorafi, kuma kakakin wancan lokaci, Mike Oquaye, ɗan NPP, ya ayyana cewa ya rasa kujerarsa. Bayan shekara huɗu, sashe ɗaya, mutum ɗaya, sai ga NPP tana cewa tsayawa takara ba barin jam'iyya ba ne, ga kakaki daga NDC yana bin karatun da NPP ta nema a baya. Ba sai na ce ɗayansu maƙaryaci ba ne. Abin da ke bayyane shi ne kowane ɓangare ya tsinci kansa a kan karatun da ke ƙara masa kujeru a ranar. Haka ɗan'adam yake, kuma mai dokar barci yakan ɓuge da gyangyaɗi. Majalisar da rinjayenta ya rataya a kan ma'anar kalma ba ta dace ta zama mai faɗin ma'anar kalmar ba, kamar yadda ba a ba ɗaya daga cikin magada aikin rabon gado a ce ya fara zaɓa. Alƙali yana iya karkata, amma aƙalla an tilasta masa ya rubuta dalilansa, ya sa hannu, ya bar su a inda kowa zai karanta, kuma karatun da ya yi yau zai bi shi gobe ko da wanda zai amfana ya canza.

Mafi munin abin da ke faruwa idan mai rubuta doka ya zama alƙali, tarihin Najeriya ya nuna shi a shari'ar Lakanmi. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, lokacin da ikon yin doka yake hannun soja, an fitar da doka mai lamba 45 ta 1968 wadda ta jero sunayen wasu mutane ta tabbatar da ƙwace kadarorinsu, ta kuma hana kotu duba lamarin. A watan Afrilun 1970 Kotun Ƙoli ta ce wannan hukunci ne aka sanya wa rigar doka, domin doka takan yi magana a kan kowa ne, kuma tun kafin abin ya faru, ita kuwa wannan ta nuna mutane da yatsa ta yanke musu hukunci ba tare da shari'a ba. Cikin makonni kaɗan gwamnati ta mayar da martani da doka mai lamba 28 ta 1970, wadda ta rushe wancan hukunci. A ganina irin wannan tarihi ne ke bayan sashe na 4 na kundin 1999, inda aka hana majalisa yin dokar da za ta ƙwace hurumin kotu, aka kuma hana ta yin dokar laifi mai komawa baya. Ku lura da bambancin nahawun: doka tana cewa "duk wanda ya yi", hukunci yana cewa "wane ya yi". Ranar da majalisa ta fara kiran suna, ta bar aikinta ta shiga na wani.

Iyakar tana da gefe na biyu, kuma wanda ya manta da shi bai fahimci rabon ba. Kamar yadda marubuci ba zai mallake ma'ana ba, haka mai karatu ba shi da izinin ɗaukar alƙalami ya ƙara abin da babu shi a takarda. Ɗalibin da ya karanta rubutu ya fito da abin da ke ransa ya ce marubuci ne ya faɗa, ba nazari ya yi ba. Kotuna sun sha yin haka. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙolin Amurka ta ce baƙar fata zuriyar bayi ba ɗan ƙasa ba ne, ta kuma soke dokar majalisa ta 1820 da ta hana bauta a wasu yankuna. A 1918 kotun nan dai ta soke dokar da majalisa ta yi domin rage bautar da yara a masana'antu, kuma sai a 1941 ta janye daga wannan matsayi. A duka biyun majalisa ce ta fi kusa da adalci, alƙalai kuma suka tsaya a hanya. Saboda haka ban yarda da masu cewa kotu ta fi majalisa tsarki ba. Hausawa da suka ce shari'a saɓanin hankali sun ga alƙalai iri-iri kafin su faɗi haka.

Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne tsarin ya bar wa marubuci hanya guda ta mayar da martani, wato ya sake rubutu. Idan majalisa ta ga kotu ta karanta dokarta ba daidai ba, tana iya gyara kalmomin a fili, ta bi matakan da aka shimfiɗa, gyaran kuma ya yi aiki a kan kowa daga ranar zuwa gaba. Idan kundin tsarin mulki ne, matakan sun fi tsauri, amma ƙofar a buɗe take. Hukuncin Dred Scott da gyaran kundi aka binne shi, na 13 a 1865 da na 14 a 1868, bayan yaƙin basasa. Idan ƴan Gana suna son wanda ya tsaya takara da wata tuta ya rasa kujerarsa nan take, sai su ƙara kalmomin da za su faɗi haka, kowa ya sani tun kafin ya sayi takardar takara. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da majalisa ba za ta yi ba shi ne ta jira sai an san wanda zai faɗi sannan ta ce ga abin da ta nufa.

A nan nake jan hankalin ɗalibai a kan kalmar "raba" da muke fassara wannan aƙida da ita. A Hausa ana raba gado, kowa ya ɗauki nasa ya tafi. Ana raba faɗa, a shiga tsakanin masu rigima. Ana kuma raba aiki tsakanin mutanen da gona ɗaya suke nomawa. Masu sauraron rediyo da yawa, idan suka ji "raba iko", ma'ana ta farko suke ji, sai su ɗauka majalisa da kotu kowa ya ja katangarsa ba ruwan wani da wani. Ma'ana ta uku ce ta fi kusa. Montesquieu, wanda littafinsa na 1748 ya yaɗa wannan tunani, abin da ya dame shi shi ne kada mai yin doka ya zama shi ne mai hukunci, domin a ganinsa ran talaka da ƴancinsa za su koma ƙarƙashin son zuciyar mutum guda.

Cewa gona ɗaya suke nomawa, mu a Nijar mun gan shi da idonmu a 2009, ina matashin mai bincike a lokacin, kunnena kullum a jikin rediyo. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa wa'adi biyu na shekara biyar-biyar, ya kuma sanya wannan tanadi cikin waɗanda ba a taɓawa. Da Shugaba Tanja Mamadu ya nemi tazarce ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, Kotun Tsarin Mulki mai alƙalai bakwai, ƙarƙashin Fatimata Salifu Bazeye, ta ba da ra'ayi ranar 25 ga Mayu cewa hakan ya saɓa wa kundin. Kashegari aka rusa majalisar dokoki mai kujeru 113. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke umarnin kiran ƙuri'ar. Ranar 26 ga Yuni shugaban ya ɗauki ikon gaggawa, ranar 29 ga wata kuma ya rusa kotun. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta, sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 18 ga Fabrairun 2010. Tsakanin rusa majalisa da rusa kotu ko mako biyar ba a cika ba. Da aka rasa mai rubuta doka, mai karanta ta bai daɗe ba, domin kotu ba ta da soja kuma ba ta riƙe da baitulmali. Abin da ta mallaka kawai shi ne yardar sauran gidajen mulki cewa za su bi maganarta ko da ta yi musu ɗaci.

Shi ya sa idan na kwatanta labaran biyu, rigimar Gana ba ta ba ni tsoro kamar yadda ta ba wasu. An yi hayaniya, an ƙaurace wa zama, an yi zarge-zarge masu zafi, kuma har yau akwai masana shari'a da ke ganin alƙalai biyun nan ne suka fi gaskiya. Amma ba a rufe ƙofar kotu ba, ba a kori majalisa ba, ƴan majalisar huɗu sun riƙe kujerunsu har wa'adi ya cika. Ranar 7 ga Disamba masu zaɓe suka yi nasu hukuncin, suka ba NDC shugabancin ƙasa da rinjaye mai yawa a majalisa ta gaba. Jam'iyyar da ta sha kaye a gaban alƙalai a watan Nuwamba ita ce ta karɓi alƙalamin rubuta doka a watan Janairu, kuma sashe na 97 yana nan a gabanta da kalmominsa kamar yadda aka bar su a 1992.